Ki Zo da Azumi

Duk wanda ya taɓa jiran mota a Bolari da safe ya san Delu mai masa. In bai san sunanta ba, hancinsa ya san ta. Tandarta tana bakin gareji, ƙarƙashin wata rumfar kwano da ta daɗe a karkace, wadda mijinta yake gyarawa da baki duk damina. Doguwar mace ce mai faɗin kafaɗa, kuma magana ba ta kwana a bakinta. In direba ya ce masar yau ta yi ƙanana, sai ta ce idonsa ne yunwa ta ƙara wa girma.

Iyayenta mutanen ƙasar Katsina ne. Fataucin wake ya kawo mahaifinta Gombe da niyyar kaka ɗaya, ya rasu a unguwar Madaki da furfura da jikoki. Ita ce macen da ta biyo bayan maza, shi ya sa aka ce mata Delu, sunanta na yanka kuwa har ita sai ta yi tunani kafin ta amsa shi. Tanda gadon uwa ce. Tun ba ta fi turmi tsawo ba take juya masa, har yatsunta suka daina sanin zafi.

Mijinta Sallau mai faci ne a garejin nan. Ranar ƙaramar Salla aka haife shi, Delu kuma takan ce abin ya bi shi: mutum ne da ya iso duniya bayan an gama wahala an zuba tuwo. Shi dai sai ya yi murmushi ya ci gaba da tsoma tayarsa a ruwa. Zamansu lafiya, don ita ke magana a madadin su biyun.

Haihuwarta ta fari mace ce, Bilkis, 'yar ƙarama kamar 'yar tsana, ta zo ba gardama, ta rayu, yanzu tana makarantar koyon malanta. Daga kanta ne cikin Delu ya koyi wata irin haihuwa. Maza uku ta yi a jere, kowane ya fi na gabansa girma. Na farko kai ya fito kafaɗa ta ƙi, kafin a zaro shi rai ya yi halinsa. Na biyu ya daina motsi tun watansa bai cika ba. Na uku ya zo da rai, ya yi kukan da aka ji a zaure, mata suka cika ɗaki suna kallo, wata ta ce wannan ai da yayensa ya zo, a ba shi tuwo kawai. Washegari ya yi lamo, jikinsa yana 'yar karkarwa, ya ƙi kama nono. Kafin a yanke shawarar asibiti ya bi 'yan uwansa.

Unguwa ta ce wabi ne, irin yaran da ke zuwa su leƙa su koma. Aka sha rubutu, aka yi turare, aka yi sadakar ƙosai. A duk cikin nan uku randa ba ta wuni da ruwa a gidan, Delu tana sha tana zagayawa bayan gida, kiyashi kuma suna yin layi inda ta tsuguna kamar an kira su walima. Ba wanda ya ga abin tambaya a ciki. Mai ciki ce, ga wutar tanda, ga ranar Gombe, in ba ta ji ƙishirwa ba wa zai ji?

Shekaru suka wuce shiru, har ta sallama. Tana dab da arba'in sai ga wani cikin.

Joda, direban doguwar tafiya da ke karyawa a wajenta kullum, shi ya fara faɗa a fili.

"Adda Delu, wannan lodin ya wuce ƙa'ida. In 'yan kan hanya suka gan ki, sai kin sauke rabi."

"Kai dai ka ji da taka motar da ba ta tashi sai an yi mata turi da salati."

Joda ya juya wajen mijinta. "Sallau, ashe ba faci kaɗai ka iya ba, har da bugun iska."

Gareji ya ɗauki dariya, ita ma ta yi. Da suka watse ta ɗora hannu a gefen cikin ta daɗe ba ta juya masa ba, har layi guda ya ƙone. Ba ta sayi ko wando ɗaya na jariri ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle. Abu ɗaya take so a duniya, ta fito daga ɗakin haihuwa da ɗa a hannu, ba zanen goyo a ninke ba.

A wajen awon ciki ne ta gamu da Ugochi. 'Yar Vitalis ce, mai shagon kayan gyaran mota a bayan garejin, a Bolari aka haife ta, da masar Delu ta yi wayo, Hausarta kuwa har da karin magana. Ta gama karatun jinya, yanzu tana taimaka wa wata likita, Dokta Najiba, da ke bincike don babban digiri a kan ciwon suga na masu ciki. Aikin Ugochi shi ne ta bi layin mata tana yi musu bayani, tana neman masu yarda a gwada su.

"Mama, ke ce a nan? Wa kika bar wa tanda?"

"Tanda ta san hanya. Ke kuma wa ya ba ki farar riga, ke da kike lashe min kwanon miya?"

Ugochi ta zauna kusa da ita ta tambayi labarin haihuwarta. Da Delu ta kai kan na uku, yarinyar ta daina dariya. Ta yi mata bayani a hankali. Akwai sugan da ke zuwa da ciki, ta ce, ya tafi in an sauka. Uwa ba ta jin ciwon komai, sai ƙishirwa da yawan fitsari. Amma zaƙin da ya yi yawa a jininta yana wucewa wurin ɗan, ya yi ta ƙiba a ciki har ya fi ƙarfin hanya, wani ya mutu kafin lokaci, wani kuma in an yanke cibi sugansa ya faɗi warwas. In an gano da wuri, ana iya riƙe shi da tsarin abinci ko da allura.

Delu ta dube ta. Shekara da shekaru ana gaya mata sunan abin da ke kashe mata yara, amma yau ne aka fara faɗin sunan da ke da magani.

"Me zan yi?"

"Ran Alhamis ake gwajin, don ranar kaɗai ake ara mana injin da mai sarrafa shi. Ki zo da sassafe. Amma Mama, ki zo da azumi."

"Azumi?"

"Azumi. In ba da azumi ba, gwajin ba ya yi."

Kalmar da ke bakin likitoci da Turanci ita Ugochi ta juya, kuma ta juya ta daidai, ko malamin makaranta ba zai ja mata kunne ba. Abin da likita ke nufi shi ne a kwana ba a ci ba, a zo da ciki wayam. Abin da Delu ta ji kuwa shi ne abin da kowace Musulma za ta ji. Hasali ma wani sanyi ne ya ratsa ta. Ashe har asibiti sun gane cewa wannan lamari sai an haɗa da Allah.

Ran Alhamis ta tashi kafin kiran assalatu ta yi sahur na mai ciki, kunun gyaɗa da suga, masar jiya da ta ɗumama, dabino, ruwa kofi kan kofi. Da ta zo yin niyya sai ta ga azumin yini ɗaya ya yi kaɗan a kan abin da take roƙo. Nan ta yi bakance tsakaninta da Ubangijinta: kowace Alhamis za ta azumta har ranar da za ta sauka, Shi kuma Ya raya mata wannan.

A asibiti aka zaunar da su a benci. Aka ɗebi jininta na farko. Sai ga Ugochi da kofi cike da wani ruwa mai kauri.

"Mama, shanye duka. Ruwan suga ne. In an jima mu sake ɗiban jini mu ga yadda jikinki ya yi da shi."

Delu ta kalli kofin, ta kalli yarinyar, ta kalli taga inda hantsi ko ɗagawa bai gama yi ba.

"Ugo, ke kika ce in zo da azumi."

"E, Mama. Yanzu kuma sai ki sha."

"Azumin naku na coci da hantsi ake shan ruwa?"

Wata mata a gefe ta tuntsire. Ugochi ta tambaya a hankali ko Delu ta ci wani abu da asuba. Delu ta lissafo mata sahur ɗinta da alfahari, ba ta manta ko dabino ba. Aka kira likita.

Dokta Najiba matashiya ce mai sanyin murya, ta gane inda gizo ya yi saƙa tun kafin a gama bayani. Ta ja kujera ta zauna gaban Delu.

"Adda, laifinmu ne, ba mu faɗa daidai ba. Ba azumin ibada muke nufi ba. Jinin da muka ɗiba ya nuna suga a sama, amma tunda kin yi sahur ba zan iya cewa ciwo ne ko kunu ne ba. Yau dai ta wuce. Alhamis mai zuwa ki zo ba sahur, ba niyya, ki sha wannan ruwan."

"Alhamis ba tawa ba ce, likita. Na ba da ita."

"Wa kika ba?"

Delu ta gaya mata. Likitar ita ma ta san nauyin bakance.

"Adda, lalura ce. Addini bai ce mai ciki ta cutar da kanta ba. Ki sha, ki rama daga baya."

"Da asubar nan na yi alkawarin, a kan yaron nan. Ki ce tun rana ba ta take tsaka ba in koma in ce na fasa? Ko ɗan kasuwa aka yi wa haka ai ya daina ciniki da kai."

Likita ta ce za ta nemi wata rana. Kafin nan, ta ce, a rage zaƙi, a rage shinkafa. Delu ta ce to. Ta fita tana jin jiri amma zuciyarta fes, kuma da magariba, tana kai dabino da kunu baki, yaron ya yi wani irin juyi mai ƙarfi har sai da ta dafa bango. Ta ɗauka amsa ce.

Maganar rage zaƙi ta riƙe ta da gaskiya. Ta daina sa suga a kunu, ta koma zuma, tunda zuma waraka ce kowa ya sani. Shinkafa ma ta daina dafawa. Masa kuwa ba ta taɓa lissafa ta a shinkafa ba, masa ai masa ce. Kowace Alhamis ta wuni a bakin wuta da baki a bushe, da almuru ta rama wa yaron abin da ya rasa, har da ƙari. A gareji kuma labari ya bazu cewa yanzu asibiti azumi suke rubuta wa masu ciki. Joda ya ce in haka ne shi ma ya warke, don motarsa ta daɗe tana sa shi wuni ba ci.

Neman wata ranar ya zama aiki. Injin na wani sashe ne, mai sarrafa shi yana da nasa layin, wanda zai sa hannu ya yi tafiya, da ya dawo kuma ruwan sugan ya ƙare sai an aiko. Ba wanda ya ƙi, kowa cewa yake a ɗan ƙara haƙuri. Ciki kuwa bai san haƙuri ba. Ugochi takan biyo ta rumfar da yamma in ta taso aiki, ta tsaya tana kallon ƙafafun Delu da suka kumbura suka cika silifa.

"Mama, don Allah ki ba ni Alhamis ɗaya. Ɗaya tak."

"Ke da kika kawo azumin, ke ce kuma za ki karya shi?"

"Ni na yi kuskure, Mama. Bakina ne."

"Bakinki alheri ya faɗa. Karɓi masa ki kai wa babanki, ki ce ya rage tsada."

Da ta ga ba ci gaba, Ugochi ta tsallaka wajen Sallau ta same shi da taya a hannu, ta yi masa bayani tun daga farko. Sallau ya wanke hannu ya tafi wurin limamin masallacinsu. Liman ya ce ba wata matsala, ta sha ruwa ranar, akwai yadda ake fansar irin wannan alkawari, kuma kare rai yana gaba. Sallau ya dawo gida da fatawa yana murna kamar ya tsinci taya sabuwa.

"Malam ya ce ki karya. Ya ce babu laifi a kanki."

"Na ji."

"To jibi sai mu tafi tare."

"Malam ya taɓa fitowa daga ɗakin haihuwa da zani a ninke?"

"Delu."

"Sau uku ina yin abin da mutane suka ce. Wannan karon da Mai abin na yi magana. Tun da na fara, ka ga yadda yaron ke girma? Ka sa hannu ka ji."

Ya sa hannu ya ji. Yaron yana girma kam, wannan ba ƙarya. Sallau bai iya musu ba tun yana saurayi, ba kuma ranar zai koya ba.

Sai da ciki ya shiga wata tara sannan Dokta Najiba ta samu Talata. Ta gaji da jiran sa hannu, ta roƙi mai injin ya zo kafin lokacin aikinsa, ta sayo ruwan sugan da kanta. Wannan karon Ugochi ba ta yarda da kalma ɗaya ba. Ta zo har gida ran Litinin ta tsaya a tsakar gida tana faɗa kamar mai karanta wa kurma.

"Daga kin yi sallar isha, kar ki sa komai a baki sai ruwa zalla. Ba sahur. Ba kunu. Ba ɗanɗana ƙullu. Ba niyyar komai."

"To, uwata. Numfashi fa, an yarda?"

Delu ta cika umarni tsaf. Ranar Talata ba ta hura wuta ba, direbobi suka karya da burodi suna tsaki. Sallau ya kai ta a keke napep ya zauna a waje. Benci ba kowa sai ita. Aka ɗebi jinin farko, Ugochi ta miƙo kofi, Delu ta kafa kai ta shanye ta yamutsa fuska.

"Wannan ko alewar 'yan makaranta ba ta kai shi ba. Da shi kuke neman lafiya?"

"Zauna dai ki ji, Mama. Yanzu mutuminki zai fara ƙwallo. Duk haka suke, da zaƙi ya isa gare su sai tsalle."

"Gara ya tashi. Tun shekaranjiya ya zama malalaci, halin ubansa ya fara."

Ugochi tana rufe kwalbar jini, sai hannunta ya tsaya.

"Tun yaushe, Mama?"

"Tun shekaranjiya. Wuri ne ya yi masa kaɗan, ƙato ne ai. In sun kusa fitowa haka suke lafawa."

Ta faɗi haka tana kallon bango, kuma muryar ba irin ta bakin tanda ba ce. Ta ɗora tafin hannu a inda ya saba harbi. Suka jira. Zaƙin ya bi jikinta har tana jin zuciyarta na tashi. A waje wani yana share baranda, wata jaririya tana kuka a ɗakin da ke gaba. Delu ta matsar da hannun zuwa ɗaya gefen. Ta ɗan danna. Ta girgiza cikin a hankali yadda ake tashin yaro makaranta.

"Kai, tashi mana. An ba ka abin daɗi."

Ugochi ta fita, ta dawo da likita. Aka kwantar da Delu, aka shafa mata wani abu mai sanyi a ciki, aka ɗora na'urar jin bugun zuciya. Dokta Najiba ta kai ta dama, ta kai ta hagu, ta gangara ƙasa, ta dawo. Abin da ke fitowa sai shuuu, kamar rediyon da ta rasa tasha. Ta ce a kawo na'urar hoto. Ta daɗe tana kallon allon, fiye da yadda mai neman abu yake daɗewa.

Delu ce ta sauƙaƙa mata.

"Likita, na san wannan shirun. Na taɓa jin sa."

"Adda, ki yi haƙuri. Allah Ya karɓi abinsa."

"Gwajin fa? A ƙarasa. Na sha abin, kar ya tafi a banza."

Aka ƙarasa, don ba wanda ya iya ce mata a'a. Sakamako ya fito kafin azahar, sugan ya haura duk inda ake tsoro. Likita ta shigo da shi a hannu ta rasa wanda za ta gaya wa. A ƙarshe Sallau ta gaya wa a baranda, ya saurara har ƙarshe, ya ce an gode, ya tambaya ko da an gano da wuri da yaron ya rayu. Ta ce ba ta da tabbas, amma mai yiwuwa ne. Ya gyaɗa kai ya sake cewa an gode.

Saboda girman yaron ba a bar ta ta yi naƙuda ba, aiki aka yi mata ran Laraba. Namiji ne. Sallau da Vitalis da mutanen gareji suka kai shi makwancinsa kafin la'asar, Joda ne ya ɗauke su a motarsa, kuma ranar ba wanda ya ji bakinsa.

Washegari da hantsi Ugochi ta shigo ɗakin da aka kwantar da Delu, ba farar riga, idanunta a kumbure. Likita ta ce an yarda mara lafiya ta fara kurɓar abu mai ɗumi, shi ne ta haɗo shayi ba suga. Ta tsaya a bakin gado da kofin, ta kasa miƙawa, ta kasa ajiyewa.

"Yau wace rana?" in ji Delu.

"Alhamis, Mama."

Delu ta daɗe tana kallon silin. Sannan ta yunƙura, ta cije leɓe saboda ɗinkin, ta miƙa hannu.

"Kawo. Ai na sauka."